Ƙusar Gwiwar Ishaya

Ku da kuke tura baro daga Narayi zuwa Sabon Tasha kuna kiran a kawo tsohon ƙarfe, kun ɗauka sana'armu ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Ku tsinta kuke yi ku kai sikeli. Ni sau ɗaya na taɓa ɗora kayana a sikeli, kuma wani mutum ya rasa ƙafarsa a dalilin haka. Rannan ɗayanku ya tsaya a kan shimfiɗata ya ce, "Baba, wannan aikin naka ai hutu ne. Ka zuba shara a tabarma, ka zauna kana korar ƙuda." Ban tanka masa ba a lokacin. Yanzu zan tanka.

Tarkace nake sayarwa a bakin titin Kakuri. Murfin da ya rabu da tukunyarsa, makullin da ya rabu da kwaɗonsa, noti, washa, kan risho, gilashin fitila, hannun ƙofa, ƙoshiyar keken ɗinki. Duk abin da ke tabarmata rabin wani abu ne. Ɗaya rabin yana cikin gari a hannun wani, yana nema. Aikina in san abin da nake riƙe da shi, in ajiye shi inda zan same shi, in jira mai shi. Wani abin mako guda yake yi. Wani sai ya ga an yaye yaro an kai shi makaranta.

Daga wani ƙauye ta wajen Funtuwa na zo, ina saurayi, neman aikin masaƙa. Ban yi boko ba, ba su ɗauke ni ba. Baba Tanko ne ya ɗauke ni. Tsoho ne mazaunin Makera, yana da shimfiɗa kusa da ƙofar ɗaya daga cikin masaƙun, da rumfar kwano a baya inda ya tara kayansa tsibi guda, ya kusa taɓa rufi. Ba ya yawan magana. Ba ya maimaita wadda ya yi.

Aikin farko da ya ba ni kwano ne cike da noti, an jiƙa su a kananzir. Ya ce in ware. Na zauna tun hantsi har la'asar, na jera su kashi-kashi, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Ya zo ya duba. Ya sa ƙafa ya haɗe su.

"Girma ka duba," ya ce. "Jaki ma ya san babba da ƙarami. Haƙori za ka duba."

Ya nuna mini. Ƙusa mai noti tana da haƙora a jikinta, waɗanda take bi ta shiga. Haƙoran iri biyu ne a garin nan. Akwai na da, awon inci, wanda tsofaffin injina suka zo da shi. Akwai na yanzu. A ido ɗaya suke. Sai ka ja farcen babban yatsa a kansu kake jin bambanci. Wata uku ina jan farce a kan ƙarfe kafin ya bar ni in miƙa wa mai saye ko da washa.

Kayan aikin ba su da yawa. Maganaɗisu, don ka san ƙarfe daga tagulla. Rariya, don ƙananan da ke ɓuya a ƙasa. Burushin waya, kananzir, magagari, sufana, da gwangwanaye fiye da yadda za ka so ƙirgawa. Doka kuma ɗaya ce, ita ce ya faɗa mini sau biyu, abin da bai taɓa yi wa wata magana ba. Idan ka sa ƙusa ta yi juyi biyu ta cije, ka tsaya. Kada ka ɗauko sufana. Abin da ya kusa shiga bai shiga ba. Mai saye zai roƙe ka, zai ce a matsa kawai. Ka ce masa babu.

Wata mata daga Unguwar Pama ta taɓa zuwa da tukunyar uwarta a ka, tana neman murfi. Na gwada mata guda shida. Na shidan ya zauna, amma yana ɗan rawa. Ta ce ya yi. Baba Tanko ya karɓe ya mayar cikin buhu. Ta zage mu mu biyu, ta ce tsofaffin banza masu ƙin kuɗi, ta haɗa har da ni da ko gemu ban yi ba. Bayan damina matar ta dawo, ya miƙa mata wanda ya zauna ɗaram. Ba ta ba mu haƙuri ba. Amma duk matan layinsu wurinmu suka riƙa zuwa.

Ranar da na fara ganin ƙafar Ishaya a kan tabarma, na ja da baya. Mutum ne dogo daga kudancin Kaduna, ya girme ni da kaɗan. Ya zo yana ɗingishi, ya zauna a benci, ya naɗe wando, ya kwance maɗaurin fata daga cinyarsa, ya ciro ƙafar ya ajiye gaban Baba Tanko da takalminta.

"Ga matarka ta zo gyaran jiki, Baba," ya ce. Ya dube ni. "Wannan sabon ɗan bolar daga ina? Kai, matso. Ba ta shuri sai ina ciki."

Injin masaƙa ne ya cinye masa ƙafar hagu daga saman gwiwa. Kamfanin ya sa aka yi masa wata daga ƙasar waje, katako marar nauyi, gwiwar kuma alminiyon. Ƙusa ɗaya ce ta ratsa gwiwar, tsawon yatsa, ƙarfe mai tauri, haƙoranta ƙanana na awon da. A kanta ƙafar take lanƙwasa, ita take ɗauke da nauyinsa duka. Shekara ɗaya da ɗoriya take yi ta cinye. Waɗanda suka ƙera ƙafar ba a san inda suke ba. Asibiti sun ce ba su da irinta. Masu injin sassaƙa ƙarfe sun taɓa yi masa wata, ta karye kafin mako biyu, ta jefa shi a kwata. Baba Tanko ne ya gano cewa wata ƙusa ta tsohon injin saƙa tana shiga gwiwar kamar tare aka haife su. Tun daga nan duk wadda ta faɗo hannunsa sai ya jefa ta cikin wani gwangwanin fenti mai baƙin mai a ciki, a kusurwar rumfa. Ya ce abin da ke ciki zai kai Ishaya kabari, har ya rage.

Ishaya gadin ƙofa yake yi a wata makarantar kuɗi a Narayi, daga safe zuwa tashin yara. Madam, matar da ke da makarantar, ta gaya masa tun ranar farko: muddin yana tsaye da ƙafa biyu, ƙofar tasa ce. Ranar da ta ga sandar guragu, ya nemi wani wuri, iyaye ba sa biyan kuɗi don gurgu ya tsare musu 'ya'ya. Yana da mata, Maman Ladi, da 'ya'ya huɗu a ɗakin haya. Ku riƙe wannan. Abincin mutum shida a kan ƙusa ɗaya yake.

A ranar da na fara ganin ƙafar, Baba Tanko yana aiki a kan gwiwar, na tambayi Ishaya abin da ya daɗe yana damuna. Kayanmu mafi kyau daga sitocin masaƙu suke fitowa. Lokaci-lokaci sukan share sito su yi gwanjo a bakin ƙofa, akawu yana karanto takarda. Inji da layinsa, taya da layinsa, ganga da layinta. Can ƙarshe sai ya kira kalma ɗaya, sandiris, kuma da ya kira ta Baba Tanko yake miƙewa. Na ce, wane irin ƙarfe ne wannan?

Ishaya ya yi dariya har bencin ya girgiza. Ya yi aji shida, ya kuma yi masinja a sito kafin a mai da shi kan inji.

"Ba ƙarfe ba ne, ɗan bola. Turanci ne. Tarkace ke nan da kwat da taye. In akawu ya rubuta manyan kaya ya gaji, sauran ƙananan da ba su isa a ba kowanne layi ba sai ya tattara su ƙarƙashin wannan. Haka masu kanti suke rubutawa a allonsu, su ce sabulu, sukari, da sandiris. Allura, ashana, zare, duk su ne."

"To me ya sa ba za su kira su da sunansu ba?"

"Tawada tsada gare ta." Ya karɓi goro a hannun Baba Tanko ya ɓara. "Na taɓa sa wani tsohon malami a cocinmu ya duba mini a babban ƙamus. Ya ce tsohuwar kalma ce tun ta kakannin Turawa, asalinta abin da aka ware, kowanne daban da ɗan'uwansa. Ka ga abin? Kalmar cewa take kowanne daban. Akawu kuma yana rubuta ta don ya haɗe su."

Baba Tanko bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Wanda bai san sunan abu ba shi yake ba shi sunan taro." Ya juya sabuwar ƙusar da yatsu biyu har ta zauna, ba sufana. Ishaya ya ɗaura ƙafarsa, ya miƙe, ya buga ta a ƙasa sau biyu, ya sara wa tsohon kamar soja, ya tafi.

Haka muka yi shekaru. Baba Tanko ya rasu, ba shi da ɗa namiji, rumfar ta dawo hannuna. Kafin ya kwanta ya nuna mini kusurwar gwangwanin da sandarsa. Na gane. Ishaya ya ci gaba da zuwa. Ko a shekarun da mutane suka daina taka unguwar juna, kowa ya koma cikin nasa, shi bai fasa ba. 'Yan'uwansa suna ce masa kada ya shiga cikin Hausawa, ya hau acaɓa ya zo.

"In sun kashe ni ka ba su ƙafar," yakan ce. "Ita kaɗai ce mai daraja a jikina. Sarkin bola, ina shayina?"

Sai shekarar da masaƙu suka fara kullewa, ɗaya bayan ɗaya. Jiniyar safe ta daina kuka. Mazan da suka saba wucewa ta gabana da rigar aiki suka fara zuwa da kaya a hannu. Fanka tukuna. Sai rediyo. Sai gado. Na ga mutumin da ya kwance hannayen ƙofofin ɗakinsa ya kawo. Kowa ya zama mai sayar da tarkace, mai saye ya ɓace. Wanda tukunyarsa ba komai ba ya neman murfi. Nakan buɗe shimfiɗa da safe in naɗe ta da yamma ba wanda ya durƙusa a kanta. A gidana baki bakwai ne. Muka koma ci sau ɗaya. Damina ta sauka, rumfar tana yoyo, tsatsa tana cin abin da tsoho ya yi rayuwarsa yana tarawa.

A lokacin masu sayen ƙarfe suka shigo da manyan motoci da sikeli, suna kwasa suna kaiwa inda ake narkarwa. Dillalinsu ya leƙa rumfata ya yi fito.

"Malam, kana zaune a kan abinci kana hamma."

Na ce ba na nauyi ba ne.

"Na mene ne? Na tarihi?"

Na kore shi. Ya dawo, na sake korarsa. Zuwansa na uku ƙaramar 'yata tana kwance, ba ta ci komai ba tun jiya sai ruwan kanwa. Na ce ya kawo motar.

Ga kuskuren, ku saurara da kyau. Na yi niyyar in ware kafin su zo. Na fitar da tagulla, na fitar da makullai, na fitar da abin da zai cika tabarma. Gwangwanin fentin yana raina, na ce shi ne na ƙarshe, don yana can ƙarƙashin tulin sarƙoƙi, sai an ɗage su. Motar ta zo da wuri. Mutum huɗu suka shiga rumfar da shebur. Ni kuma na tsaya a bakin sikeli, don na san halinsu, suna tokare shi da ƙafa in ka kau da ido. Idona yana kan allurar sikeli tun safe har azahar. Mai tarkace wurin tsibinsa yake tsayawa. Ni na tsaya wurin allura. Suka share rumfar tas, suka tafi. Na sayi masara da magani na kai gida.

Washegari na zo da tsintsiya. A kusurwa na ga zagayen baƙin mai a ƙasa, inda gwangwanin ya yi shekara da shekaru yana zaune.

Filin da suke tara ƙarfen yana hanyar Gonin Gora. Na je a ƙafa. Akawunsu yana cikin wata 'yar bukka, na gaya masa gwangwanin fenti nake nema, cikin kayan da aka kwaso jiya daga Kakuri. Ya buɗe takardarsa ya bi da yatsa.

"Kakuri, mota ɗaya. Sandiris. Shi ke nan abin da aka rubuta."

Na ce akwai ƙusoshi a ciki, na gwiwar wani mutum.

"Baba, dubi can." Ya nuna mini tsibin. Ya fi masallacin unguwarmu tsawo. "In ka ga gwiwa a ciki ka gaishe ta. Fita, kada oga ya zo."

Na dawo. Na ce wa kaina akwai lokaci, ta jikinsa ba ta daɗe sosai ba, zan samo wata kafin ta cinye. Na zaga duk masu shimfiɗa irina, har kasuwar Fanteka na tsallaka. Babu. Tsofaffin injinan duk an farfasa an auna.

Bayan kwana tara Ishaya ya sauka daga acaɓa. Tun daga nesa na ji gwiwar tana ƙara, ƙwas, ƙwas. Ya leƙa rumfar ya ga wayam.

"Ɓarayi?"

"Yunwa."

Ya gyaɗa kai. Shi ma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zauna ya kwance ƙafar. "Wannan karon da wuri ta gaji. Madam ta ƙara mini aiki, ni nake tsayar da motoci yara su tsallaka. Ta fara kallon ƙafar tana taɓe baki. Gwangwanina fa? Kada ka ce ka cinye shi da miya."

Na ce, "Yana nan."

Kalma biyu. Ban shirya su ba, suka fito. Mutumin da ya ratsa gari a lokacin da ba a ratsawa ya zo wurina, na kasa buɗe baki in ce na sayar da ƙafarsa a kilo.

Na shiga rumfar da babu komai a ciki, na tsaya kaɗan, na zaro wata ƙusa daga aljihuna. Na tsince ta a yawon da na yi. Tsawon ɗaya, kaurin ɗaya, ƙarfen mai kyau. Haƙoranta na yanzu ne. Farcena ya gaya mini tun ranar da na ɗauke ta. Na shafa mata baƙin mai don ta yi kama, na fito. Na cire tsohuwar, ta lanƙwashe, ta kusa rabuwa biyu. Na sa sabuwar. Juyi ɗaya. Juyi biyu. Ta cije.

Na ɗauko sufana.

"Yau da ƙarfe ake yi?" Ishaya ya ce. "Baba da yatsa yake yi."

"Tsatsa ce."

"Tsufa ne, sarkin bola. Hannunka ya mutu."

Na matsa. Ina jin alminiyon yana ba da hanya a tafin hannuna, laushi-laushi, kamar ana yanka sabulu. Ta shige har ƙarshe. Ya ɗaura, ya miƙe, ya buga a ƙasa. Shiru, ba ƙara.

"Ka ga? Amarya." Ya zaro ƙullin gyaɗa daga aljihu ya ajiye mini a tabarma. "Maman Ladi ta ce a ba yara. Babu yawa."

Da ya tafi na naɗe shimfiɗar. Da sassafe na koma filin ƙarfe. Ban bi ta wurin akawu ba, wurin shugaban masu lodi na je. Na ce zan yi musu dako kyauta, su bar ni in tona gefen da aka zuba kayan Kakuri. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in na mutu a ciki ba ruwansa. Maganaɗisu ba ya amfani a wurin da komai ƙarfe ne. Hannu ne da ido. Ina ɗaga musu kaya zuwa mota, ina duba abin da ke ƙarƙashi. Na riƙa cin karo da kayana, sarƙoƙin nan, bakin famfo, ƙafafun gado, na san kowanne da ranar da ya zo. Rana ta uku gefen wani kwano ya tsaga mini yatsa har ƙashi. Na ɗaure da tsumma na ci gaba. Shi ne wannan yatsan da ba ya miƙewa. Rana ta shida, ana gab da loda gefen, na ga gwangwanin. Wani abu mai nauyi ya taka shi ya baje, murfin ya tafi. Na ɓare shi da guduma. Uku sun maƙale a cikin daskararren mai a gindi.

Ban je gida ba. Na hau bas zuwa Narayi da kayan jikina yadda suke. A ƙofar makarantar wani mutum ne daban zaune a kan kujerar Ishaya, da sabuwar hula.

"Mai ƙafar katako? Ai shekaranjiya ya faɗi. Ana tashi, ya shiga titi ya ɗaga hannu, yara suna bayansa. Ƙafar ta naɗe kawai. Mota ta ci burki a kansa, saura kaɗan. Ba wanda ya ji ciwo, amma a gaban iyaye aka yi, Madam tana tsaye. Ko ciki ba ta bari an shigar da shi ba."

Ya kwatanta mini gidan. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, wandon a ƙulle a cinya, gefen fuskarsa a kuje. Ƙafar tana jingine da bango. Matarsa, Maman Ladi, ta kawo mini ruwa a kofi ta ajiye.

"Sarkin bola da kansa," ya ce. Muryar ba ta da ƙarfi. "Wa ya mutu? Dubi jikinka."

Na durƙusa. Na jawo ƙafar, na fito da ƙusa ɗaya, na goge ta da rigata. Wadda na matsa ta riga ta fice ta ɓata a titi. Na sa ta gaskiyar a ramin. Ban juya ba. Ta zurma da kanta, ta fita ta ɗaya gefen, ta faɗi a siminti. Na leƙa ramin. Sumul. Babu haƙori ko ɗaya. Kunnen gwiwar kuma ya tsage daga sama har ƙasa.

Ishaya ya ɗauki ƙusar da ta faɗi. Ya juya ta. Ya ja farcensa a kanta, ya daɗe yana ganin yadda muke yi.

"Wannan ce tawa," ya ce. "Waccan fa?"

Na gaya masa. Sikelin, motar, gwangwanin, filin. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya damƙe ƙusar a tafin hannunsa. Can ya ce, "Lokacin da kake matsawa, ka sani?"

"Na sani."

"Tun juyi na nawa?"

"Tun kafin in sa."

Ya ajiye ƙusar a tabarma tsakaninmu. "Sayarwar ba komai ba ce. Ni ma na sayar da rediyona. Da ka ce mini babu, da na aika wa Madam cewa zazzaɓi ya kama ni. Mako guda za ta ba ni, ta taɓa ba ni. In kwanta a nan in jira ka. Yau da ka zo ka sa mini da yatsa biyu, gobe ina bakin ƙofa." Ya dube ni. "Kwana shida, Malam. Kwana shida kawai nake bukata."

Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar.

Maman Ladi ta zo ta ɗauke kofin ruwan. Ban sha ba. Ta zubar a kwata, ta shiga ɗaki.

Na ɗauki ƙafar na yi yawo da ita. Mai walda na farko ya ce alminiyon ɗin ya yi siriri, wuta za ta cinye shi. Na biyu ya gwada a gefe, wurin ya narke kamar kitse, ya miƙo mini. Na uku ko karɓa bai yi ba. Na je inda ake yin sababbin ƙafafu, suka faɗi kuɗin da ko rumfata tana cike ba zan iya ba. Na mayar masa da ita. Maman Ladi ta karɓa a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba.

Wani kafinta a cocinsu ya yi masa sandunan guragu. Ya nemi gadi a wurare, ba wanda ya ɗauka. Masu ƙafa biyu ma suna layi a shekarar. Kafin kaka mai gidan ya ba su sanarwa. Babbar 'yar aka bar ta aikatau a wani gida a Barnawa, sauran suka shirya komawa ƙauye, inda ƙaninsa yake da gona.

Na ji ranar tafiyar a bakin wani ɗan acaɓa. Na je tashar Sabon Tasha da safe. Kayansu ba su da yawa, katifa, buhu biyu, tukwane. Na ɗauki buhu ɗaya na miƙa wa mai lodi a saman bas, ba wanda ya hana ni, ba wanda ya ce sannu. Ishaya yana tsaye a kan sandunan a bakin ƙofar motar. Matakin yana da tsawo. Ya gwada sau ɗaya, sandar ta zame, ya riƙe ƙofar. Na matsa na kama shi ta hammata.

"Bari," ya ce, bai juyo ba. "Hannunka ya gama nasa."

Na sake shi. 'Yan kamasho biyu suka ɗaga shi suka zaunar kusa da taga, suka tura sandunan ƙarƙashin kujera. Motar ta cika, ta tashi. Bai leƙo ba.

Na koma Kakuri a ƙafa. Hantsi bai gama ba, na buɗe shimfiɗa.